Gyaɗa da matan karkara a ƙasar Maraɗi

Tarihin gyaɗa a kudancin Nijar an fi ba da shi da sunan maza: Turawan kamfani, dillalai da alhazan birni. Amma idan an duba da kyau, mata ne suka riƙe wannan amfanin gona a lokacin da kowa ya sake shi.

A zamanin mulkin mallaka, Faransawa sun matsa wa talakawa su noma gyaɗa don su sami kuɗin haraji. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka kafa sikeli a Maraɗi, Tasawa da Magarya, ana ɗibar buhuna zuwa Kano, daga can jirgin ƙasa ya kai su bakin teku. Bayan samun ƴancin kai, gwamnati ta kafa SONARA a 1962, ta ba ta ikon fitar da gyaɗa waje. A waɗannan shekaru gyaɗa ce ta fi kawo wa ƙasa kuɗin shiga, sai dai kuɗin sikeli hannun mai gida suke shiga, domin gandu nasa ne. Mace kuwa gamanarta kaɗai gare ta, ɗan filin da take nomawa bayan aikin gandu.

Farin 1968 zuwa 1974 ya karya wannan ciniki, cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa shi, yuraniyom na Arlit ya karɓe matsayinta. Manoma suka koma ga hatsi da wake. Gyaɗar da ta rage sai ta shiga tsakar gida. Mace ta soya ta, ta murje, ta daka ko ta kai inji, ta juya ƙullun da ruwan zafi har mai ya taso. Tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli, masu kilishi su sayi wata. Daga tiya guda ta fitar da haja biyu, kuma ribar tata ce: da ita take yin biki, ta sayi akuya, ta tara wa ɗiyarta kayan ɗaki.

Jari ne ya daɗe yana yi mata cikas, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, bisa tsohuwar al'adar adashi: mata su zuba kuɗi kowane mako cikin asusu, su ranta wa junansu. Tsarin ya bazu har ƙasashen Afirka da dama.

Sauran matsala ita ce ƙasar noma. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsuke, kuma a ƙauyuka da yawa gamanar mace ce ake fara janyewa. Wadda ba ta da gona dole ta sayi gyaɗa a kasuwa, sau da yawa bayan kaka, lokacin da ta yi tsada. Duk shirin da zai ba mata injin niƙa, ya kamata ya fara tambayar inda za su shuka.