Shaidar Antibodi: Daga Gwajin Zazzaɓi zuwa Ƙwayoyin Tushe

A asibitocin Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda ruwan madatsar Bakolori ke raya shinkafa yana kuma raya sauro, gwajin zazzaɓi abu ne na yau da kullum. A ɗiga jini a kan 'yar roba, a jira layi ya fito. Abin da ke fito da layin shi ne antibodi, wani furotin na garkuwar jiki da ke kama abu guda, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. A mafi yawan gwaje-gwajen, HRP2 yake kamawa, furotin na ƙwayar cutar. Da irin wannan makami ne masana ke tantance ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da za su iya rikiɗa su zama jini, tsoka, ƙashi ko jijiya.

Tarihin ya faro ne a Balin a 1890, lokacin da Emil von Behring da Kitasato Shibasaburo suka nuna cewa jinin dabbar da aka yi wa rigakafi yana ɗauke da abin da ke karya dafin cuta. A 1941 Albert Coons na Jami'ar Harvard ya liƙa wa antibodi rini mai ƙyalli, har aka riƙa ganin inda ya sauka ta madubin likita. A 1975, a Kambirij, Georges Köhler da César Milstein suka haɗa ƙwayar saifar ɓera da ƙwayar sankara, suka sami masana'antar da ke fitar da antibodi iri ɗaya ba yankewa.

Masu binciken ƙwayoyin tushe sun ci moriyar wannan. Martin Evans da Matthew Kaufman sun raini na ɓera a 1981, James Thomson ya raini na ɗan Adam a 1998. Ido kaɗai ba ya tabbatar da ƙwayar tushe, sai da alama, kuma babbar alamar ita ce furotin Oct4. A 2006 Shinya Yamanaka da Kazutoshi Takahashi na Kyoto suka mayar da ƙwayar ɓera da ta riga ta girma zuwa ƙwayar tushe da abubuwa huɗu: Oct4, Sox2, Klf4 da c-Myc. Duk mai da'awar irin wannan aiki a yau, sai ya kawo shaidar antibodi.

Sai dai shaida na iya kuskure. Oct4 na ɗan Adam yana da siga fiye da ɗaya, kuma OCT4A ce ke riƙe ƙwaya a matsayin tushe. Antibodin da ba ya bambanta ta da OCT4B ya sa wasu suka yi zaton sun ga ƙwayoyin tushe inda babu su. Gwajin zazzaɓi ma ya gamu da irin nasa: a 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin cuta marasa HRP2 a Peru, waɗanda gwajin ba ya gani.

Ga ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila, batun ba na nesa ba ne. A 2007 ɗakin binciken Rudolf Jaenisch a Amurka ya yi wa ɓeraye masu sikila magani ta hanyar Yamanaka. Kafin a kai ga mutum, ana buƙatar shaidar antibodi sau biyu: da farko cewa ƙwayar ta koma tushe, daga baya kuma cewa babu wadda ta rage a haka cikin abin da za a dasa, domin wadda ta rage na iya zama ƙari a jikin majinyaci.