Wasiƙar Ƙarfe Biyun Dare

A cikin kusan kowace saba mai Linux akwai wata 'yar manhaja da ake kira cron, wadda ba ta da aiki sai duban agogo. Kana rubuta mata a takardarta, crontab, cewa ƙarfe biyun dare a kwafi bayanan ciniki, ko kowace Juma'a a share tsofaffin fayiloli, ita kuwa ta zartar kana barci. Daga ɗakunan binciken Bell na Amurka ta fito tare da Unix a shekarun 1970, amma sigar da yawancinmu muka gada ita ce wadda Paul Vixie ya rubuta a 1987. Waɗanda suka ƙera ta sun ɗora ta a kan ɗabi'a guda: in aikin da ta tayar ya furta wani abu, rahoto ne ko kuka, sai ta naɗe shi ta aika wa mai aikin ta imel. In bai ce uffan ba, ita ma ta yi gum. Ke nan tun asali, shirun cron yana nufin lafiya lau.

Wannan tsari ya dace da duniyar da ta haife shi. Babbar kwamfuta ce guda a jami'a, ba a kashe ta dare da rana, mai kula da ita kuma da ya zauna da safe akwatin root, wato babban asusun na'urar, yake fara buɗewa. Wasiƙar ba ta ma fita daga na'urar. Ko da aka fara fitar da ita waje, bayan Jon Postel ya tsara ƙa'idar SMTP a 1982 kuma sendmail na Eric Allman ya bazu daga Jami'ar Berkeley a 1983, amana ce ke riƙe da komai. Kowace saba tana karɓar wasiƙa daga kowace saba, ba wanda ke tambayar ɗan gidan wane ne kai.

Mu a Najeriya ƙarshen wannan zamani muka riska. An yi wa ƙasar rajistar .ng a 1995, lokacin da imel ke bin layin wayar NITEL, ana tara wasiƙu a buga waya a sauke su gaba ɗaya. A Minna kuwa abin bai kankama ba sai farkon shekarun 2000, da shagunan intanet suka fara kafa faifan setilayit a kan rufi. Abubuwa biyu ne suka ciyar da sana'ar a garin nan: ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Bosso, kafin da bayan komawar yawancin sassanta Gidan Kwano, da kuma hukumar NECO da aka kafa a 1999 da hedikwata a Minna, wadda duba sakamakonta da katin kankarewa ya riƙa cika shaguna maƙil. A bayan irin waɗannan shaguna akwai wata kwamfuta da ba a bari kowa ya taɓa, mai Red Hat da Squid, tana raba 'yar guntuwar intanet ga kujeru goma ko ashirin. A kanta da yawa daga cikinmu muka koyi cron, muka kuma fara kokawa da sendmail.cf, fayil ɗin da ko waɗanda suka iya shi ba sa so a ce su bayyana shi. Da Postfix na Wietse Venema ya iso mana, wanda ya fito a 1998, duk wanda ya gwada bai sake waiwayar sendmail ba.

A waɗannan shekarun za ka sa adireshinka na Yahoo a layin MAILTO na crontab, da safe ka tarar da rahoton dare yana jiranka. Abin bai daɗe ba. 'Yan 419 sun mayar da shagunan intanet ofisoshinsu, musamman da dare, masu tace wasiƙun banza irin Spamhaus kuma suka riƙa jefa lambobin IP cikin baƙin kundi, wani lokaci rukuni guda, mai laifi da marar laifi. An kafa EFCC a 2003, dokar 2006 kuma ta ɗora wa masu shagunan intanet nauyin rajista da sanin abokan cinikinsu, amma sunan ya riga ya ɓaci. Sabar da ba ta taɓa aika komai ba sai rahoton kwafin ajiya ita ma aka rufe mata ƙofa, domin lambar da take fita da ita tana tarayya da wasu ɗaruruwa. Daga nan shirun cron ya tashi daga ma'ana ɗaya zuwa biyu: ko dai ba abin da ya faru, ko kuwa an yi kuka amma bai iso ba.

Wayar hannu ta kashe yawancin shagunan, sai aikin ya koma wasu wurare: makarantu masu zaman kansu, cibiyoyin jarrabawar JAMB tun da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya a 2015, kantunan magani, da manyan 'yan sari. A Kasuwar Kure, wadda ke ɗauke da sunan Injiniya Abdulkadir Kure, gwamnan Neja daga 1999 zuwa 2007, za ka shiga shagon mai sayar da kayan masarufi katan-katan ka tarar da tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin teburi, ƙura ta toshe mata fanka, ita ce ke riƙe da lissafin kaya da na bashi.

Wani ɗan sari a kasuwar ya taɓa kirana a kan irin wannan na'ura, wadda wani yaro ya haɗa masa kafin ya tafi bautar ƙasa. Manhajar ta fara nauyi, yana so a duba. Na tambaye shi ko rahoton dare yana zuwar masa. Ya ce, "Injiniya, da can yana zuwa, daga baya ya daina. Yaron ya ce in ban ga saƙo ba to babu matsala." Na ce, "Alhaji, bari dai mu leƙa." Na buɗe /var/mail/root, sai ga wasiƙu jibge, kowane dare biyu. Ta farko daga cron, layi ɗaya: babu sauran wuri a faifan ajiya. Ta biyu daga Postfix, tana cewa Gmail ta ƙi karɓar ta farkon. Kwafin ajiyar ƙarshe mai kyau ya girmi azumin da ya wuce. Alhaji ya dubi allon, ya dubi littafin bashinsa na takarda da ke kan teburi, ya ja shi kusa da shi.

Wannan wasiƙa ta biyu ita ce tushen wahalar duka. Idan saƙo ya kasa isa, sanarwar kasawar tana komawa ga wanda ya aiko, mai aikowa kuwa root ne. In an karkatar da wasiƙun root zuwa adireshin waje, sanarwar ma ta bi hanyar da ta toshe. Kamar ɗan aike ne ya ɓata a hanya, aka damƙa masa takardar cigiyarsa ya kai gida.

Saboda haka mai wannan aiki ba ya zato, bin sawun wasiƙar yake yi daga tushe. Tambayar farko ma ba ta imel ba ce: shin aikin ya tashi kuwa? A jihar da ke da Kainji da Shiroro da Zungeru, har ake mata kirari da jihar wuta, ƙarfe biyun dare sau da yawa na'urar a kashe take, an ɗauke wuta, janareta ya huta, batirin UPS ya mutu tun bara. Cron ba ta rama abin da ya wuce ta. Anacron ce ke ramawa in an kunna, kuma in kasuwa ce gara a mayar da aikin lokacin sallar azahar, sa'ad da ake da wuta kuma ciniki ya lafa. In rajistar na'ura ta nuna aikin ya tashi, sai a duba ko akwai manhajar aika wasiƙa a ciki ma. Ubuntu na yanzu ba ya zuwa da ita, kuma cron tana faɗa ƙarara a rajista, "No MTA installed, discarding output", wato ta zubar da saƙon don ba wanda zai ɗauka. Bayan haka adireshi: me aka rubuta a MAILTO, me ke cikin /etc/aliases, kuma wanda ya gyara shi ya tuna ya buga newaliases?

In duk wannan daidai ne, sai mailq. Nan ake ganin wasiƙun da ke tsaye a layi da dalilin tsayuwarsu. Wadda aka ce haɗi ya ƙare ba amsa, kusan kullum ƙofa ta 25 ce aka toshe, kamfanonin sadarwa da dama da manyan masu hayar saba irin Google Cloud suna yin haka don maganin masu wasiƙun banza. Postfix zai yi ta gwadawa kwana biyar kafin ya haƙura. Lambar amsa mai farawa da 4 tana nufin a dawo an jima, mai farawa da 5 kuwa kora ce. Daga Gmail, 5.7.25 na nufin lambar IP ɗinka ba ta da sunan da ke komawa gare ta a DNS, 5.7.26 kuma na nufin ba abin da ke shaida cewa kai ne mai sunan da ka aiko da shi. Na'urar Alhaji tana gabatar da kanta da root@localhost.localdomain, daga layin waya mai sauya lamba. Ba sabar da za ta karɓi wannan a yau.

Ƙofofin sun rufu ne ɗaya bayan ɗaya. Cikin hanyoyin shaida mai aiko da wasiƙa, SPF ya zama rubutacciyar ƙa'ida a 2006, DKIM a 2007, DMARC a 2015. A ƙarshen Mayun 2022 Google ta daina barin ƙananan manhajoji su shiga asusun Gmail na mutane da kalmar sirri ta yau da kullum, kuma a wannan watan sabobi da yawa da ke aika rahoto ta wannan hanya suka yi shiru ba wanda ya lura. A Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsananta: ko wasiƙa ɗaya kake aikawa a rana, sai da shaidar SPF ko DKIM. Ban ga laifinsu ba, mun san abin da ya jawo. Amma sakamakon shi ne ƙaramar saba a Minna ba ta iya kai wasiƙarta da kanta. Dole ta miƙa ta ga babbar saba ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri, ko ta Postfix ko ta 'yar manhaja irin msmtp, kuma adireshin mai aikowa ya zama na gaske, wanda in an mayar da amsa mutum zai gani.

Yaran da ke fitowa daga Gidan Kwano yanzu da yawansu ba su damu da wannan duka ba. Suna amfani da agogon systemd, wanda ba ya aika imel ko kaɗan sai ka haɗa masa, rahotonsu kuma Telegram yake tafiya. Ba na musu da su, ɗan kasuwa ya fi duba wayarsa a kan akwatin imel. Abin da nake faɗa da shi shi ne al'adar liƙa > /dev/null 2>&1 a ƙarshen kowane layin crontab don a huta da surutu. Wanda ya yi haka ya toshe bakin aikin ne da hannunsa, ko hanyar wasiƙa ta gyaru ba abin da zai zo.

Abin da yawancin tsofaffin hannu suka koma yi shi ne juya tsarin. Maimakon a jira kuka, aikin ne zai riƙa sanarwa duk lokacin da ya gama lafiya, ga wata na'ura dabam da ke wajen shagon, ita kuma in lokaci ya wuce ba ta ji ba, ta buga wa mutum ƙararrawa ta wata hanyar da ba imel ɗin sabar ba. A shagon Alhaji haka muka yi: an sa sabon faifai, an mayar da kwafin ajiya ƙarfe biyun rana, saƙon kammalawa kuma yana shiga wayar babban yaronsa da girman fayil ɗin a rubuce, domin fayil mai nauyin sifiri ma yakan ce ya gama lafiya.