Littattafan Da Mai Rubuta Labarinmu Zai Fara Da Su

A shekarar 1903 Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas, har suka yada zango a bakin Nilul Azraƙ kusa da Sinnar. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925, noman auduga ya jawo ƙarin 'yan uwanmu zuwa Jazira. Tarihi ya adana sunayen shugabanni, amma rayuwar talakan da ya yini a hawasha ya kwana a kambo tana bakin tsofaffi har yau.

Duk matashin da ya yi niyyar mai da ita ƙagaggen labari, sai ya soma da littattafan da gasar Zariya ta 1933 ta haifar da waɗanda suka biyo bayanta. A cikin Ganɗoki, Bello Kagara ya ɗauki zuwan Turawa ya sa shi a bakin jarumi ɗaya mai cika baki, daga nan za a ga yadda tarihi ke samun murya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa labari ne na yaron da aka ƙetara Sahara da shi, da uwar da ta bi sawunsa. Marubucin bai yi kururuwa ba, shi ya sa baƙin cikin ke ratsa zuciya. Magana Jari Ce na Abubakar Imam kuwa ya nuna yadda ake ɗauko labarin Larabawa ko na Turawa a sa masa rigar Hausa, darasin da ya fi dacewa da mu masu harshe biyu.

Sai a waiwayi Larabcin da muka koya a makaranta. Ɗayyib Salih, a Ursuz Zain, ya tsaya kan ƙauye guda na bakin Nilu har duniya ta san shi. Abdul'aziz Baraka Sakin, a Al-Jango, ya bai wa 'yan ƙodagon gona matsayin taurarin labari.

Yaƙin da ya ci Wad Madani a Disambar 2023 ya warwatsa iyalai, tare da dattawan da suka ji labarin hijira daga bakin waɗanda suka taka ta. Mu karanta waɗannan littattafai, sannan mu durƙusa gaban tsofaffinmu da alƙalami tun suna raye.