Tarihin Uwar Manhaja da Matsayin Haruffan Hausa a Cikinta: Nazari daga Daddara

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin tarihin uwar manhaja, wato babban shirin da ke gudanar da kwamfuta ko wayar hannu, tare da duba yadda wannan tarihi ya shafi rubutun Hausa. An zaɓi Daddara, a Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, domin tana kan hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya da Magama ta shiga Ɗan Isa har Maradi. Mutanen wannan hanya harshensu ɗaya, amma iyakar da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta bar su da harsunan boko biyu da ƙa'idojin rubutu biyu, kuma na'urorin da suke riƙewa sun gaji wannan rarrabuwa.

2.0 Ma'ana da Asali

Uwar manhaja ita ce ke raba wa sauran manhajoji lokaci da ma'ajiya, ita ke karɓar abin da aka buga ta nuna shi a fuskar na'ura. Matsayinta kamar na sarkin tasha ne: motoci na masu su ne, amma shi ke tsara layi, ya ce wannan ta yi lodi, waccan ta jira.

Kwamfutocin farko ba su da wannan tsari, ma'aikaci ne ke ɗora kowane aiki da hannu. A 1956 aka fara amfani da GM-NAA I/O a kan IBM 704 a Amurka, mai jera ayyuka ɗaya bayan ɗaya. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix, a 1973 kuma aka sake rubuta ta da harshen C, abin da ya sa ta iya ƙaura daga wata na'ura zuwa wata. Daga nan MS-DOS ta fito a 1981, Macintosh a 1984, Windows a 1985, sai Linux wadda Linus Torvalds ya saki a 1991, wadda kowa ke da izinin dubawa da gyarawa.

3.0 Matsalar Haruffa Masu Lanƙwasa

Tun shekarun 1930 aka shigar da ɓ da ɗ da ƙ cikin rubutun boko, maɗaba'ar Zariya ta yi ta buga littattafai da su. Amma ƙa'idar ASCII ta 1963, wadda yawancin uwayen manhaja suka ginu a kanta, gurabe 128 kawai ta tanada, kuma bukatun Ingilishi aka duba wajen cika su. Saboda haka mai buga Hausa a zamanin MS-DOS ba shi da hanyar bambanta kafa da ƙafa, ko baki da baƙi, ko dari da ɗari, sai dai ya ƙara lanƙwasa da biro bayan bugu. Wasu sun ƙera haruffa na musamman, amma da an kai rubutun wata kwamfuta sai ya rikiɗe.

Mafita ta zo ne da ƙa'idar Unicode, wadda aka fara wallafawa a 1991, ta ba kowane harafi lamba ta dindindin, har da namu. Duk da haka an daɗe kafin amfanin ya iso ga mai rubutu, domin lamba kaɗai ba ta wadatar, sai uwar manhaja ta zo da siffar harafin da kuma hanyar buga shi. Sai a ƙarshen shekarun 2000, zamanin Windows Vista da Windows 7, kamfanin Microsoft ya tanadi Hausa a cikin tsarinsa.

4.0 Zamanin Wayar Hannu

Akasarin mutanen Daddara ba ta kwamfuta suka san uwar manhaja ba, ta waya suka san ta. Wayar salula ta GSM ta fara aiki a Nijeriya a watan Agusta na 2001, aka yi zamanin Nokia, manyanta na tafiya da Symbian, sannan aka yi yayin BlackBerry. A 2007 iPhone ta fito, a 2008 kuma wayar farko mai Android, wadda Google ya gina a kan Linux. Da yake Google ya bar ƙofa a buɗe ga masu ƙera waya, sai kamfanin Transsion na ƙasar Sin ya ɗora Android a kan Tecno da Infinix da itel masu rahusa. Gurbin layi biyu da waɗannan wayoyi suka shahara da shi ya dace da mazaunin bakin iyaka, mai bukatar layin Nijeriya da na Nijar a aljihu ɗaya. A yau Gboard na Android yana da allon haruffan Hausa, ga wanda ya san yadda ake kunna shi.

5.0 Abin da Iyaka ta Nuna

Wayar da aka saita a Katsina da Ingilishi take magana, wadda aka saita a Maradi kuwa da Faransanci, kuma jerin haruffansu ya bambanta: ta nan QWERTY, ta can AZERTY. Haka kuma Nijeriya na rubuta 'ya'ya, alhali ƙa'idar da Nijar ta tabbatar a 1999 na rubuta ƴaƴa. Ga ɗan'adam kalma ɗaya ce, amma ga na'ura biyu ce, wanda ya nemi ɗaya ba lallai ya sami ɗayar ba. Ma'ajiyar bayanan harsuna ta Unicode ma ta ware Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana. Lamarin ya ƙara nauyi tun 2025, lokacin da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa.

6.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa kusan shekara 30 ke tsakanin ASCII da Unicode, kuma a tsawon wannan lokaci Hausawa da yawa sun saba rubutu ba lanƙwasa. Yanzu uzurin na'ura ya kau, sauran aikin namu ne. Ya kamata kwalejojin ilimi su koya wa ɗaliban Hausa kunna allon haruffa tun shekarar farko, kada kuma a karɓi aikin da aka buga ba lanƙwasa. Ya kamata masana na Nijeriya da Nijar su zauna su daidaita batun 'y da ƴ, sannan su miƙa matsayarsu ga masu tsara uwayen manhaja, domin abin da ba a rubuta musu ba, ba za su saka ba.