Hanyar binciken kimiyya: yadda ake gwada magana a gona

Duk shekara in damina ta ƙarato a Damargu, sai mun ji an zo da sabon abu: wannan iri ya fi, wancan taki ya fi. Kuɗin saye kuwa sau da yawa wani ɗan uwa ne ya aiko daga Libiya, Aljeriya ko Najeriya, da guminsa. To ta yaya za a gane magana gaskiya ce kafin a zuba mata kuɗi? Aikin hanyar binciken kimiyya ke nan: mutum ya lura da abu, ya yi zato, ya gwada zaton, ya auna, sannan ya sake gwadawa.

Mu ɗauki takin zamani na ɗan tsunkule. Masu binciken cibiyar ICRISAT ta Sadore, kudu da Yamai, da abokan aikinsu sun lura ƙasar jigawa ta gaji, kuma talaka ba ya iya sayen takin da zai watsa wa gona duka. Suka yi zaton in an sa kaɗan a ramin shuka, wajen giram 6 na NPK, cikin murfin kwalbar lemu ɗaya, hatsi zai amfana. A eka mai faɗin hekta ɗaya da rami 10,000, kilo 60 ke nan. Ba su tsaya ga zato ba. Tun shekarun 1990 suka dinga gwadawa, a tasharsu da gonakin manoma, suka ga amfani yana ƙaruwa.

Amma fa Sadore ba Tanut ba ce. Can ruwan shekara yakan wuce milimita 500, nan sau da yawa ba ma kai 300. In ƙasa ba ta jiƙa sosai ba, taki yana iya ƙona ƙwaya a rami. Saboda haka manomin Belbeji ko Gangara yana da haƙƙin ya gwada da kansa.

A nan ne mutane ke kuskure. Wani zai sa taki a gonarsa duka, shekara ta yi kyau, ya ce taki ne. Ina ya sani? Watakila ruwa ne. Dole a bar wani fili babu taki, kusa da mai takin, wanda malaman gona ke ce wa shaida. Faɗinsu ɗaya, iri ɗaya (in Ankutes ne, Ankutes duka biyun), a shuka rana ɗaya, a yi noman fari da maimai tare. Taki kaɗai zai bambanta su. Kuma kada a kai mai takin gindin gawo ko makwantar shanu, a tura shaida kan faƙo. Wannan kai ne ka zaɓi amsa tun kafin shuka. In ana son adalci a yi ƙuri'a.

Wajen girbi ido yana ruɗi, musamman idon wanda ya biya kuɗi. Dami ma ba awo ba ne, don na wani ya fi na wani. A sussuke kowane fili daban, a auna da tiya ɗaya, a rubuta. Ɗan lakwal na gida ya isa wannan aiki. Sannan a lissafa ko ƙarin hatsin ya biya kuɗin takin.

Shekara ɗaya ba ta yanke hukunci, gona ɗaya ma haka. Fari, fara ko tsuntsu na iya ɓata lissafi. A Rotamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake gwajin taki a kanta tun 1843, har yau ba a daina ba. Mu ba mu ce a yi haka ba, amma manoma biyar na gari ɗaya, damina uku, su haɗa abin da suka rubuta, har da na wanda bai ga bambanci ba.