Lanƙwasar ƙ, daga Bamako zuwa salula

A 1966 masana suka taru Bamako ƙarƙashin UNESCO, suka tabbatar da ɓ, ɗ, ƙ cikin rubutun Hausa. A 1999 Nijar ta tsai da ƙa'idarta, ta sa ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y. Amma tafiretocin ofisoshinmu na Faransanci ne, ba su san lanƙwasa ba, sai a ƙara ta da biro. Daga baya Unicode ya ba kowane harafi lambarsa, ƙungiyar SIL kuma ta saki manhajar Keyman kyauta, buɗe ga mai son gyarawa. To, ƴan'uwa, yau laifin wa? Daga Dogon Dutsi har Tibiri, a WhatsApp muna rubuta "baki" muna nufin baƙi. Ku sa allon Hausa a wayoyinku, kada ganda ta cinye aikin magabata.