Takobi a Ƙarƙashin Alƙalami

Sau da yawa idan muka zo ba da tarihin Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mukan tsaya ga nasarar Tabkin Kwatto ta 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, mu manta da aikin da ya fi wuya, watau sa wa mayaƙan kansu linzamin Shari'a.

A cikin Bayanu Wujubil Hijra na 1806, Shehu ya shimfiɗa hukunce-hukuncen yaƙi bisa Malikiyya. Ganima sai an tara ta, an fitar da humusi, sannan a raba: mai doki kashi uku, dakare kashi ɗaya. Ɓoye wani abu kafin rabo haramun ne.

Akwai dalilin wannan tsanantawa. A 1805 runduna ta washe Kwalde, garin amana, alhali Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suna hani. Ba a jima ba ta sha kashi a Alwasa. Wajen 1807 kuma, ganin kwaɗayin duniya ya yi yawa, Abdullahi ya bar rundunar ya nufi Makka. Kanawa suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami.

Saboda haka mu marubutan Sakkwato, in za mu yi wa barade kirari, mu haɗa da malaman da suka iya ce musu a'a.